A tanadi masu sauraron dattawanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da yayana ya yi ritaya bara, bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, ya canza gaba ɗaya. Mutumin da ba a raba shi da majalisa, yanzu wuni yake a zaure, rediyo a kashe, tuwon dare ma sai da lallashi. Ana cewa tsufa ne. Ni na san damuwa ce, kuma tana da magani.

To ina za mu kai shi? Da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a jihar Sakkwato, sai ya ce mun mai da shi mahaukaci. Ina roƙon gwamnatin Kebbi ta ajiye ƙwararrun masu ba da shawara a asibitocin Argungu, Yauri da Zuru, inda dattijo zai amayar da cikinsa a asirce.

Mai karatunku,
daga Argungu