Masu kiwon aku, a duba kejin nan

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni fili. Akuna kullum sai gwaguyar wayar keji yake har fenti na ɓarewa a bakinsa, na ɗauka wasa ne sai da ya fara amai ya yi laushi, likitan dabbobi ya ce gubar zinki ce ta jikin wayar, wato ƙarfen da ake lulluɓe waya da shi don kada ta yi tsatsa, haka ma dalmar tsohon fenti tana kisa. Wallahi hankalina ya tashi. Bakin aku ba ya daina tsiro, dole ya samu abin tauna, tsawa ba ta hana shi. A sa masa itace marar fenti, a riƙa fito da shi don kaɗaici na ƙara abin, in da hali a sayi kejin ƙarfe marar tsatsa.

Naku, mai karatu