Zuwa ga Daraktan Ilimi na yankinmu: a janye takardar da ta hana mu buɗe kabad

Assalamu alaikum, Ustaz. Ina gaisuwa, ina fatan iyali lafiya. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar nan tamu ta Sudan.

Ni malamin lissafi ne a makarantar firamare ta wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Rahad. Shekarata 23 ina riƙe da alli. Makarantar ba baƙuwarka ba ce, don da ƙafarka ka zo ranar da aka sauke mana kwamfutocin hannu guda 12 da farantin sola ɗaya. An jera yara, an ɗora wa kowa na'ura a hannu, an ɗauki hoto. Kafin ka shiga mota ka ce ba za a kai damina ba sai an turo wanda zai zauna da malamai ya koya mana. Damina biyu ta wuce, an yanke riɗi sau biyu. Na'urorin suna cikin kabad ɗin ofishin mudir, wato shugaban makaranta, an lulluɓe su da tsohon zane saboda ƙura.

Ka san abin da ya kulle su. Takardar nan ce da ta biyo bayanka da mako guda, wadda ta ce duk malamin da na'ura ta lalace a darasinsa za a cire kuɗinta daga albashinsa. Wane albashin, Ustaz? Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mun yi watanni ba mu ga ko ƙwandala ba, kuma wanda ke zuwa yanzu ba ya kai mu tsakiyar wata. Mutumin da ke cin bashin sukari a kanti, shi za a ce ya miƙa wa yaro ɗan shekara 8 abin da ya fi albashinsa tsada, in ya faɗi ƙasa a wuyansa? Duk mun sa hannu, tunda umarni ne, kuma daga ranar kowa ya ɗauke hannunsa. An ba mu da dama an karɓe da hagu.

Horon da aka ce an yi mana kuma, ina cikin waɗanda suka je. Yini ɗaya ne a birni. Wani saurayi ya kunna majigi, bai kai rabin sa'a ba aka ɗauke wuta, sai ya koma karanta mana takarda. Da la'asar aka raba shahada, wato takardar shaida, mai ɗauke da hatimi. Mu fiye da 40 a ɗakin, babu wanda yatsansa ya taɓa na'ura. Tawa shahadar tana nan, tana da kyau ƙwarai, na sa ta a leda.

Bari in ba ka labarin abokiyar aikina, mai koyar da Larabci, wadda ta girme ni a aikin nan. Ita kaɗai ta yi ƙarfin hali ta ɗauki na'ura ɗaya ta shiga aji huɗu. Ta danna wani wuri, rubutun ya juye ya kwanta a gicciye. Ta juya na'urar, rubutun ya sake juyewa. Wani yaro ya taso daga baya ba tare da an kira shi ba, ya taɓa sau ɗaya, komai ya daidaita, aji ya kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yara ne. Amma da muka zauna shan shayi a gindin dalbejiya, sai ta ce mini: "Malam, ni na koya wa uban yaron nan alif da ba. Ba zan ƙara tsayawa gabansu ina lalube ba." Ba ta ƙara ba kuwa.

Na ji ana cewa a ofisoshinku malaman ƙauye ba sa son zamani. Wannan magana ta yi mini ciwo. Matar nan da Bankak, manhajar banki ta waya, take karɓar abin da ɗanta ke aiko mata, ba ta taɓa kuskuren lamba ba. Lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2024 har tsofaffin da ba su taɓa shiga banki ba sun koyi tura kuɗi ta waya, domin jikokinsu sun zauna kusa da su a tabarma sun nuna musu sau goma, ba mai kallo, ba mai dariya. Lokacin da makarantu ke rufe, mu da kanmu muka riƙa ɗaukar hoton darasi muna turawa iyaye ta WhatsApp, har zuwa watan Fabrairun 2024 da sadarwa ta ɗauke a ƙasar. Kanmu yana ja. Abin da muke gudu shi ne bashi da kuma jin kunya a gaban ɗalibai, kuma dukansu biyu daga wajenku maganinsu yake.

Ai a ƙasar nan tamu aka fara gwada shirin nan na ƙungiyar War Child, inda yaran ƙauyukan da ba su da makaranta suka koyi lissafi ta wasanni a kwamfutar hannu, ana yi musu caji da sola. Masu kula da su mutanen gari ne da aka horar, ba su yi kwalejin malamai ba. In su sun iya, mu me zai hana? Bambancin kawai an bar su sun riƙe abin a hannunsu har suka saba.

Akwai kuma abin da na'urar ba za ta yi ba ko an shekara ana cajinta. Yaranmu suna shigowa aji ɗaya da Hausa a bakinsu, ita kuwa Larabci take yi. Sai malami ya tsaya a tsakani, ya ce wa yaro "jam'u" shi ne tarawa, kamar yadda babarka ke tara ƙwai. In malamin yana tsoron na'urar, yaron zai yi ta danna hotuna ne kawai.

Don Allah, Ustaz, ka dube mu. UNICEF ta ce a watan Oktoban 2023 yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Namu sun dawo, amma ɗan aji biyar yana kokawa da abin da ya kamata ya wuce tun aji uku. Ɗaliban sakandare na 2023 sai a ƙarshen Disamban 2024 suka zauna jarrabawar shahada. Ba mu da wata shekarar da za mu zubar.

Ba kuɗi na zo roƙo ba. A janye takardar cire albashi, a rubuce, yadda aka kawo ta a rubuce. A bar kowane malami ya tafi da na'ura gida na mako biyu, ya yi kuskurensa a ɗakinsa, 'ya'yansa su gyara masa. Cikin waɗanda yaƙi ya koro daga biranen Madani da Khartum akwai matasan malamai da suka san abin nan kamar yunwar cikinsu, biyu suna zaune a ƙauyenmu ba aikin yi. Ka ba su izini su zauna da mu duk ranar Alhamis bayan an tashi, mutum biyu na'ura ɗaya, da darussan da aka riga aka sauke, tunda intanet a nan sai an hau tudu.

Maganar bencinan da aka ƙone aka yi girki lokacin da 'yan gudun hijira ke kwana a azuzuwa, da rufin aji shida, da bashin albashi, ka san su, na bar su sai wani jiƙon.

Jiya na roƙi mudir ya buɗe kabad ɗin in duba. Biyu daga cikin na'urorin batirinsu ya fara kumbura saboda zafi da rashin caji. Makullin yana aljihunsa, ya ce ba zai fitar da ko ɗaya ba sai ya ga takarda daga ofishinka.

Wassalam.
Malamin lissafi, daga bakin kogin Rahad.