Addison Baker: kusan shekara 79 kafin a gane gawarsa

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ɗan fili mu tuna da Laftanar-Kanar Addison Baker, matuƙin jirgin yaƙin Amurka da ya rasu ranar 1 ga Agusta, 1943, a harin matatun man fetur na Ploiesti a Romaniya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jirage ƙirar B-24 fiye da 170 ne suka tashi daga Bengazi ta Libiya, kowanne da mutum kamar goma, an ƙara musu tankin mai a ma'ajiyar bama-bamai saboda nisan tafiya. An umarce su su bi ƙasa-ƙasa don kada na'urar hangen jirage ta gan su, wannan kuwa shi ya kai su bakin bindigogin kakkaɓo jirage. Jagoran ayarin ya yi kwana a inda bai dace ba, ya nufi Bukares, babban birnin Romaniya. Baker ya karkata da rukuninsa zuwa matatun, aka harbi jirginsa ya kama da wuta, amma ya ƙi barin gaban rukunin nasa. Daga ƙarshe ya yi ƙoƙarin ɗagawa sama don mutanensa su samu dirowa da laima, jirgin ya faɗi, ba wanda ya tsira. Jirage fiye da 50 ba su koma ba a ranar.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne abin da ya biyo baya. Gawarwakin da ba a gane ba an binne su a maƙabartar Bolovan da ke Ploiesti, bayan yaƙi aka mayar da su Beljiyam, a can ma ba suna. Sai a 2017 DPAA, hukumar Amurka mai neman sojojin da suka ɓace a yaƙi, ta fara tono su.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Ana fara rarrabe ƙasusuwan, domin mutanen da suka ƙone a jirgi ɗaya sukan cakuɗe a akwati ɗaya. Daga ƙashin cinya ake ƙiyasta tsawon mutum, sannan a gwada haƙora da takardun likitan haƙori na soja. Bayan nan a yanki ɗan ƙashi a ciro ƙwayar halittar gado, wato DNA. Wuta da daɗewa a ƙasa suna lalata ta, shi ya sa aka fi dogara da nau'in da ake gada ta wajen uwa, don ya fi jurewa. Shi ma yana da cikas: mutane da yawa kan yi tarayya a cikinsa, kuma in ba a samu dangi na ɓangaren uwa da zai ba da samfuri ba, aiki ya tsaya cik.

A 2022 aka tabbatar da gawar Baker. Sunansa na rubuce a bangon waɗanda suka ɓace a maƙabartar Amurkawa ta Florence a Italiya, inda al'ada ita ce a maƙala ƙaramar alama mai siffar fure kusa da sunan duk wanda aka gano.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu