Wasiƙa daga Istanbul: inda za mu kai yara hutun ƙanƙara bana

Istanbul,
Disamba.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Khalifa da yara. Ya hunturu a Kano? Mu nan sanyi ya kankama, ruwa kusan kullum.

Ka tambayi inda muka nufa bana, tunda ka san al'adar gidan nan: da an ba yara hutun mako biyu na ƙarshen Janairu, sai mu tattara mu hau dutse. To bana sai da aka kai ruwa rana, don Hajiya tana wurinmu, kuma ka san halin gwiwarta.

Abba ne ya fara kawo Palandoken, dutsen da ke bayan garin Erzurum can gabashin Turkiyya. Ba musu, masu sulu a kan ƙanƙara da gaske can suke zuwa, har gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya aka yi a wurin a 2011. Amma garin kansa yana kan tudu kusan mita 1,900, kuma da daddare sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Na ce masa wanda zai kai tsohuwa can, ya fara tanadin amsar da zai ba dangi.

Uwargida kuwa Erciyes ta so, a Kayseri. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, tsayinsa mita 3,917, ga Kapadokiya, yankin nan da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa, kusa. Ni ma raina ya biya, ko don naman garin da suke kira pastirma, wanda ake shanyawa a shafe shi da tafarnuwa da hulba da barkono, ɗan'uwan kilishi ne sai dai ya fi taushi. Kuɗin jirgi na gida guda a lokacin hutun makaranta ne ya kashe maganar.

A ƙarshe Uludag muka tsayar, dutsen Bursa. Shi ne gajere a cikinsu, mita 2,543, kuma wata shekarar ƙanƙararsa takan yi nawa. Abin da ya ja ni shi ne garin da ke gindinsa. Daga nan Istanbul jirgin ruwa za mu shiga zuwa garin Mudanya, kamar awa biyu, sai mota ta ƙarasa da mu. A cikin gari za mu kwana, ba a otal-otal ɗin saman dutse masu tsadar tsiya ba. Da safe ni da yara mu shiga abin nan da suke kira teleferik, ɗan ɗakin gilashi mai tafiya a kan igiyar ƙarfe wajen kilomita 9. Kana tashi daga cikin gidaje, sai ka ga itatuwan ƙarƙashinka sun fara yin fari, can kuma komai ya rufe. Ranar da iska ta yi ƙarfi sukan tsayar da shi, shi ya sa ba a zuwa da lissafin yini ɗaya. Asabar da Lahadi kuwa layi ya isa ya cinye maka safiya.

Ita Hajiya ba ruwanta da hawa. Bursa tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya ce, a can kaburburan Usman, wanda ya kafa daular, da ɗansa Orhan suke. Akwai babban masallacin Ulu Jami da aka gama a 1399, mai ƙubba 20, wurin alwalarsa a tsakiyar masallacin yake, kana zaune a sahu kana jin zubar ruwa, bango duk manyan rubutun Larabci. Dab da shi ga kasuwar siliki ta Koza Han, na san can kuɗina za su ƙare. Unguwar Cekirge kuma ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa, tsofaffi na zuwa don ciwon gaɓoɓi. Da ta ji wannan ta ce an gama magana.

Wani abu kuma, tun gobarar da aka yi a wani otal a Kartalkaya, wani dutsen da ake zuwa sulu a kan ƙanƙara, a Janairun 2025, a daidai irin wannan hutu, mutum 78 suka rasu har da yara da yawa, ba na kama ɗaki sai na tambayi matakalar gudun gobara. Mai otal ya ji haushi ko kar ya ji.

In har za ku zo kamar yadda ka ce, ka sanar da ni da wuri, ɗakuna na ƙarewa. Kar ka sayi kayan sanyi a Kwari, ba za su yi ba, a nan ma ana haya. Safar hannu dai kowane yaro biyu, don kafin azahar ta farko ta jiƙe sharkaf. Ka taho mana da kuka da daddawa, namu sun ƙare.

Ka gaida Baba da su Malam Isa. Hajiya na gaishe ku.

Naka,
Aminu