Likitanku ya raina nas ɗin ƙauye, ita kuwa ta ceto ƙanwata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Laraba ne ya sa na ɗauki waya nake rubuto muku wannan, don wallahi tun da na kashe rediyo abin yake cin raina. Wannan likitan da kuka kawo, da wani bawan Allah ya bugo ya ce matarsa ta daina barci ta daina magana, ko zai iya kai ta asibitin garinsu, sai kawai ya ce masa wai wannan ba aikin nas ba ne, a kai ta wajen ƙwararru. Shi kuma mai gabatarwa ya ce to malam ka ji, ya katse layin. Haba dan Allah. Ƙwararrun suna ina?

Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, su ma kullum ficewa suke waje. Mu nan arewa in ka cire asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau a Kano da manyan asibitocin koyarwa, me ya rage? Mutumin da ko kuɗin acaba zuwa bakin titi sai ya sayar da kaza, shi za ka ce wa ya ɗauki shatar mota ya tafi birni, kuma mai irin wannan lalurar ba a tafiya da ita mutum ɗaya, sai biyu ko uku sun riƙe ta.

Ni abin ya faru a gidanmu shi ya sa nake magana. Ƙanwata da take bi na, haihuwarta ta biyu, bayan suna da kamar sati uku ta canza gaba ɗaya. Ba ta ci, ba ta barci, sai ta zauna ta zuba wa bango ido hawaye na zuba, yaron ya yi ta kuka ba za ta ɗauke shi ba. Dangin miji suka ce iska ce ta shige ta wajen wankan jego, innarmu ta ce kishiya ce ta yi mata sammu, aka yi hayaƙi aka yi rubutu aka yi ruƙiyya, har wani ya kawo shawarar a kai ta gidan mari. Ni da na tuna abin da aka gani a Rigasa da Daura a 2019, mutane da sarƙa a ƙafa, na ce wallahi sai dai a ɗaure ni tare da ita.

Ranar rigakafin yaron ni na goya shi na ja ta muka je ɗan asibitin sha-ka-tafi na garinmu, ɗaki uku ne kacal, nas ɗaya da ma'aikatan lafiya biyu. Sistar tana auna yaron amma idonta na kan uwar. Da ta sallami layi sai ta ce mu tsaya, ta ja labule, ta zauna kusa da ita ta fara tambaya a hankali, yaushe rabonki da barci, kina jin ɗanɗanon abinci, ya taɓa zo miki a rai cewa gara ki mutu ki huta. Malam Edita wata guda muna gida ɗaya da yarinyar nan babu wanda ya yi mata wannan tambayar, kuma da aka yi sai ga ta ta buɗe baki, ta ce kullum in ta je ɗiban ruwa sai ta tsaya tana leƙa rijiya. Jikina har yanzu rawa yake in na tuna.

Sistar nan ba ta ce ita likita ba ce, kuma ba ta zagi addu'a ba. Cewa ta yi ku ci gaba da addu'arku amma ba duka ba ɗauri, kar a bar ta ita kaɗai, wannan ciwon damuwa ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa kuma yana da magani. Ta kira likita ta wayarta da katinta, ta rubuta mana takarda, sau ɗaya tak muka je babban asibiti, sauran duk a wajenta muke komawa, tana duba ko ana shan maganin, ta zauna su yi hira, har mijin ta kira ta yi masa bayani don da shi kunya yake ji. Yau yaron yana gudu, uwarsa ta koma ɗinkinta. Na tambaye ta inda ta koyi wannan ta ce bita aka taɓa kai su ta 'yan kwanaki. 'Yan kwanaki fa.

To wannan ce likitanku yake cewa ba aikinta ba ne? Tun 1991 gwamnati da kanta ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, a takarda dai. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 ta fito da tsarin koya wa nas-nas da ƙananan ma'aikata yadda za su gane damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali. A Zimbabuwe tsofaffin mata, kakanni, aka koya wa zama a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, kuma abin ya yi aiki. Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye ta Turawa ta 1958, ko sau ɗaya ban ji an ambace ta a shirin ba. Ba raina likita nake ba, Allah Ya sani muna bukatarsu, amma ai kamata ya yi ya ce a horar da nas ɗin, a ba ta magani a kabad, don namu ma a kemis ɗin birni muke saya duk wata, ranar da babu kuɗin mota sai a tsallake. Kuma ita kaɗai ce nas, awo ita, haihuwa ita, rigakafi ita, ranar da ta yi zazzaɓi asibitin a rufe yake.

Sannan mai gabatarwarku ya daina cewa mahaukata, sau huɗu na ƙirga. Ƙanwata tana zaune kusa da ni tana ji, tashi ta yi ta shige ɗaki.

Wani abu kuma, tallan mai maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin lafiya, mai cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da ciwon suga da aljanu, minti nawa yake cinyewa? Mu muna ta buga waya layi ba ya shiga, kati yana ƙarewa, shi kuma sai an maimaita shi sau uku.

Ina roƙonku ku sake shirin nan, wannan karon ku ɗauko nas daga asibitin ƙauye ku zaunar da ita gefen likitan. Kuma in lambar mutumin da ya bugo tana wajenku, dan Allah ku neme shi ku ce masa ya kai matarsa asibitin garinsu gobe-goben nan, kar ya bar ta ita kaɗai.

Mai sauraronku kullum, malamar firamare daga jihar Jigawa.