Wanda ya zana ɗakin ya zo ya kwana cikinsa a watan Afrilu

Malam Edita, barka da aiki.

Ni magini ne a nan Tawa, kuma akwai wani gidan haya da na gina bara wanda har yau ba na son bi ta ƙofarsa. Ɗaki 14 a fili ɗaya, makewayi ɗaya, rufin kwano ƙasa-ƙasa har dogon mutum yana taɓa shi da hannu, taga kuwa ba ta fi faranti ba. Da aka miƙo mini takardar zanen, na ce wa yaron da ya yi ta, mai ilimi ne ƙwarai: "Ɗana, mutane fa za su kwana a nan." Ya ce shi abin da Alhaji ya biya ya zana, in bai yi ba wani zai yi. Na yi shiru na kama aiki, don haka ni ma da hannuna a ciki.

Da bazara ta kama na je gyaran wata ƙofa da azahar. Na tarar da wata mai jego zaune bakin ɗaki tana jiƙa zane tana lulluɓa wa jaririnta, don ciki ba ya shiguwa.

Na san zamani ya yi tsanani, mai kuɗi lissafin haya kawai yake yi. Amma alƙalamin a hannun wa yake? Wanda ya yi shekaru yana karatun gini ya san inda iska take fitowa, ya san abin da kwano yake yi wa ɗaki in rana ta take. Alhaji bai karanta wannan ba, shi ya karanta.

Kuma ba a ce babu abin koyi a jiharmu. Falke Barmu da ƙasa ya gina masallacin Yama, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A Dandaji, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse. Sun tuna da mutanen wurin kafin su ja layi.

Ina roƙon ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa ta sa wa gidajen hayar talakawa ido kamar yadda ake sa wa benayen Yamai. Ni dai watan jiya an kawo mini irin wancan zane, na ce a ɗaga rufin, a faɗaɗa tagogi, a ƙara makewayi. Aka ƙi, na mayar da takardar.

Wani magini,
Tawa