Zuwa ga Aminu, mutumin teku

Salamu alaikum Aminu, mutumina, ko in ce Dakta tunda saura ƙiris. Ya aiki, ya zaman jirgi? Ina fata jirin nan ya sake ka yanzu, don hoton da ka turo a satin farko wallahi kamar wanda aka tono.

Na kalli bidiyon laccar da ka yi kan teku da ɗumamar duniya har ƙarshe, duk minti 40 ɗin, kuma tunda kai ka ce kar in yi maka kara to ba zan yi ba. Aminu ban gane ba. Ni da muka zauna aji ɗaya da kai kenan, ina ga wanda kawai ya shigo ɗakin don ya ji me ake ciki. Silaid na farko jadawali, na biyu jadawali, na uku wani jadawalin da ya haifi ƴaƴa. Akwai wani dattijo a layin gaba, kyamara ta kama shi yana gyangyaɗi tun minti na 10, ka duba ka gani.

Abun haushin kuma kana da labari mai daɗi a hannu amma ka binne shi a silaid na 31. Na'urorin nan na Argo nake nufi. Sai da na tsayar da bidiyon na koma baya kafin na fahimci cewa akwai kusan guda 4,000 suna yawo a tekunan duniya ba mai tuƙa su, kowacce ta nutse har mita 2,000 sannan ta taso a hankali tana auna zafi da gishirin ruwa, in ta leƙo sama ta aika wa tauraron ɗan Adam abun da ta samo ta sake komawa ƙasa, duk kwana 10 haka. Haba! Da wannan ya kamata ka buɗe baki. In mutum ya hango wannan kwalbar ƙarfen ita kaɗai a cikin duhu tana aikinta, sannan ne in ka ce masa teku ya shanye sama da kaso 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar duniya ta kawo zai yarda, don ya ga wanda ya je ya auno.

Ka tuna labarin agwagin roba? A Janairun 1992 kwantena ta faɗo daga wani jirgin kaya a arewacin tekun Fasifik, kayan wasan wanka na yara guda 28,800 suka watse a ruwa, agwagi da kwaɗi da kunkuru da sauransu. Kafin shekarar ta ƙare aka fara tsintar su a gaɓar Alaska. Wani masanin teku Curtis Ebbesmeyer ya dinga bin sawunsu ta hannun masu tsince-tsince a bakin ruwa, yana gwada lissafin yadda ruwan teku ke zagayawa. Mutanen da ko kusa ba za su karanta takardar bincike ba sun koyi cewa teku na da hanyoyinsa, saboda agwagwa. Ka ga har masu tsince-tsincen ma sun sa hannu a binciken.

Sai maganar pH ɗin nan, ma'aunin tsamin ruwa, wanda in ya sauka tsamin ya ƙaru kenan. Ka ce ya sauka daga 8.2 zuwa 8.1 ka wuce abunka kamar ka faɗi wani tashin hankali, mu kuma muka ji 0.1 muka ce to sai me. Ba wanda ya san ma'aunin ninkawa yake yi ba ƙidaya ba. Ka ce tsamin ruwan ya ƙaru da kusan kaso 30 tun da aka fara zamanin masana'antu, saboda teku na haɗiye wajen kwata na iskar kabon da muke fitarwa, kuma ƙananan halittu masu ɓawo su ke fara jin jiki don ginin ɓawon yana ƙara yi musu wuya. Amma don Allah ka ƙara da cewa tekun bai koma asid ba, kar wani ya fita yana cewa in ka tsoma ƙafa za ta narke.

Wannan ɗin ma shi ne tsorona, kar garin neman gira a rasa ido. Dubi abun da ya faru da sharar nan ta tsakanin Hawai da Kalifoniya. An yi ta cewa tsibirin shara, tsibirin shara, har mutane suka ɗauka wuri ne da za ka sauka ka taka. Alhali yawanci ɓurɓushin roba ne da tsofaffin ragar kamun kifi a warwatse, jirgi zai iya ratsawa ba ka ga wani tudu ba. Ranar da mutum ya gano ba tsibirin, sai ya haɗa har da gaskiyar ya watsar, ya ce dama ku masana haka kuke.

Kuma ka rage cewa "akwai rashin tabbas". Na ƙirga, sau 9. A wajenku ma'anarta amsar tana tsakanin nan da nan, a kunnenmu kuma ma'anarta ba ku sani ba. Fara da abun da aka auna aka gama, ruwan teku ya tashi kamar santimita 20 daga 1900 zuwa yau kuma gudun yana ƙaruwa, sannan ka ce nawa zai ƙara ya danganta da hayaƙin da za a ci gaba da fitarwa. Shikenan.

Wani abu da nake yawan tunawa, a tsunamin 2004, wato gagarumar ambaliyar tekun nan, wata yarinya ƴar shekara 10 daga Ingila tana bakin teku a Fuket ta ƙasar Tailan, ta ga ruwa na kumfa yana wani irin ja da baya, ta tuna darasin da malaminta ya yi musu sati biyu kafin nan, ta tada hankalin iyayenta har aka kwashe mutane daga wajen. Ban taɓa jin an ce jadawali ta tuna ba, kamannin ruwan ta gane.

To ga shawara, ka sake ɗaukar laccar a waya, minti 5 kacal, ba silaid ko ɗaya, ka turo min. Zan kunna wa ƙanwata Hauwa, ita ba ta san kara ba sam, in ta kai ƙarshe ba ta ɗauki tata wayar ba ka ci. Ka gaida mutanen jirgi, in kuma kun ci karo da agwagwa ɗaya ka ajiye min.

Naka,
Bashir